Tsohon jirgin alminiyam a Abijan: a mai da shi ruwa ko a sayar wa masu tukwane?

Duk wanda ya taɓa jiran mota a Gare de Bassam da ke Treichville ya san irin kayan da ake saukewa daga motocin Bassam, Bonoua da Aboisso: abarba, kwakwa, buhunan rogo, kwandunan bandar kifi. Ranar da kawuna ya aiko a kira ni, abin da na tarar an sauke a bayan rumfarsa daban ne. Jirgin ruwa ne na alminiyam, tsawonsa mita 4 da ɗoriya, fentinsa ya ɓaɓɓare, cikinsa cike da yashi da busasshen ganye. Ya saye shi a wani gidan shaƙatawa da ke kan hanyar Assinie, inda ya yi shekaru a kife ba mai waiwayarsa.

Kawu Basarke ne daga yankin Gaya, a bakin kogin Kwara ya tashi. A Abijan kuwa garba ya yi shekaru yana sayarwa, wato acceke da soyayyen kifin ton, abincin da mutanen Nijar suka yi suna da shi har ake cewa daga sunan nan namu, Garba, ya samo sunansa. Yanzu ƙafa ta gaji da tsayuwa gaban kasko, yana so ya koma sana'ar iyaye. Kafin la'asar masu sayen ƙarafa biyu sun zo sun taya jirgin a kan kilo, don masu zubin tukwane ba sa ƙin alminiyam kowane iri ne. Tambayar da kawu ya yi mini ita ce wadda duk mai irin wannan jirgi zai yi: in an zuba masa kuɗi zai koma ruwa, ko asara za a ƙara a kan asara? Ni malamin kimiyya ne a kwaleji, ban gaji su ba. Abin da ke biye shi ne abin da muka koya tare cikin watanni, wani daga littafi, wani daga bakin masu sana'a, wani kuma daga kuskure.

Me ke cin alminiyam a ruwan Abijan

A gida wasu na ce masa sanholo, wasu dalma. A nan zan riƙa cewa alminiyam, don kada a rikita shi da dalmar gaske, mai nauyin nan da ake ɗaura wa taru, wadda ma abokiyar gabarsa ce kamar yadda za mu gani.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare shi. Nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe: lita guda ta alminiyam kilo 2.7 ce, ta ƙarfe kusan kilo 8. Shi ya sa mutum biyu ke iya jan irin wannan jirgi zuwa tudu, ƙaramin inji ya tura shi ba tare da shan mai sosai ba. Amma yana da lagonsa, kuma ruwan Abijan ya san lagon.

Tafkin Ebriye, wanda kowa ke kira lagun, ya kai kusan kilomita 130 a tsawo. Da can ta bakin kogin Comoé, a Grand-Bassam, yake haɗuwa da teku. A 1950 aka buɗe mashigar Vridi don manyan jirage su shigo tashar jiragen ruwa, tun daga lokacin ruwan teku ke shiga yana fita a tsakiyar birni. Don haka ruwan da ke kewaye da Treichville ruwan zartsi ne: da rani gishirinsa ya ƙaru, da damina da lokacin cikar Comoé ya ragu.

Ga inda matsalar take. In ƙarfe iri biyu suka taɓa juna a cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan. Lantarki kaɗan zai riƙa gudana tsakaninsu dare da rana, ɗaya daga cikinsu yana narkewa a hankali. Tsakanin alminiyam da tagulla, ko dalma, ko baƙin ƙarfe, alminiyam ne ke narkewa. Alamar ita ce farin gari kamar toka, in ka kankare shi ka ga ɗan rami a ƙasa. A cikin jirgin kawu, da muka kwashe yashin, mun tsinci ƙugiyoyi masu tsatsa, dalmar taru guda uku, guntun wayar lantarki, da kwabbai na dala da dala biyu. Waɗannan kwabban masu launin rawaya tagulla ce mafi yawa a jikinsu. Ƙarƙashin kusan kowane ɗaya akwai raminsa, zagaye daidai girmansa. Ɗalibaina sun fi gane darasin batir da hoton wannan rami fiye da duk zanen da na taɓa yi musu a allo.

Kafin a kashe ko dala

Abu na farko, a gane irin ɗinkin jirgin. Wani da walda aka haɗa shi, wani da ƙusoshin alminiyam da ake daddaƙe kawunansu biyu, waɗanda masu sana'a ke kira ribe. Ƙananan tsofaffin jirage yawanci na ribe ne, kuma fallensu siriri ne, bai cika wuce milimita 2 ba. Gyaran iri biyun ba ɗaya ba ne.

Sai a wanke shi, a kife shi a kan katako, a jira dare. Mutum ɗaya ya shiga ƙarƙashi da tocila mai haske, ɗaya ya tsaya a waje. Duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, huda ce. Washegari a bi ramukan da tsinken ƙarfe mai kaifi ana dannawa. In ramukan sun taru a wuri biyu ko uku, ana iya yi musu faci. In kuwa sun watsu ko'ina a gindin jirgin kamar zanzana, tsinke yana nutsewa duk inda aka danna, to a kira masu tukwane a yi ciniki. Ba na jin akwai dabarar da za ta ceci irin wannan gindi da kuɗin da talaka zai iya biya. Haka in ƙashin bayan jirgin, wato doron da ya bi tsakiyar gindinsa daga gaba zuwa baya, ya lanƙwashe sosai: jirgin zai riƙa karkata a tafiya, kuma miƙe shi sai a babban wurin gyara.

Gwaji na biyu shi ne na yoyo. A ɗora jirgin a kan katakai masu ƙwari a busasshen wuri, a zuba masa ruwa a ciki, a leƙa ƙasa a ga inda yake ɗiga. A yi hattara da yawan ruwan. Gindin da ya kai mita 4 a tsawo da mita 1.2 a faɗi, in ruwa ya hau santimita 10 kawai, an ɗora masa kusan rabin tan. An ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi daga waje, ba don ya riƙe ruwa kamar randa ba, saboda haka in aka cika shi ana iya buɗe sabon yoyo da hannun kai. A yi wa kowace ƙusa mai ɗiga alama da alli. Kada a yi da fensir, don baƙin da ke cikin fensir shi ma yana cin alminiyam in ya jiƙe da ruwan gishiri. Mu mun ƙirga ƙusa 23 masu ɗiga, da tsaga ɗaya a kusurwar baya, da ramuka a wuri biyu. Muka sallami masu sayen ƙarafa.

Guduma ta fi wuta

A nan ne muka yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Kawu ya ɗauko wani mai walda na unguwa, mutum mai kirki wanda ya iya ƙofofi da tagogi, ya ce zai like tsagar. Cikin ƙiftawar ido tsaga mai tsawon yatsa ta zama rami da hannun yaro zai shiga. Dalili a fili yake. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar nan da ke kansa ba ta narkewa sai an wuce digiri 2,000. Kuma ba ya yin ja kafin ya narke, balle ya gargaɗi mai aiki kamar yadda ƙarfe ke yi. Kana jiran saman ya nuna alama, cikin ya riga ya zama ruwa, sai ka ga ya zube.

Waldar alminiyam tana son injin da ke aiki da iskar argon, wanda masu sana'a ke kira TIG ko MIG, da kuma sandar da ta dace. Fallen jirgin ruwa gami ne na alminiyam da maganiziyam, masu lamba irin 5052, 5083 ko 5086, sandar da aka saba yi musu amfani da ita kuma 5356 ce. Guntun tsohuwar tukunya ko murfin inji ba su zama abin faci ba, don ba wanda ya san abin da aka narka a cikinsu. Masu irin wannan walda suna nan a Abijan, birnin da ke da babban wurin gyaran jirage kamar CARENA, kuma ana samun su wajen masu gyaran tankunan manyan motoci da masu aikin jirage a gefen Vridi. Ka tambayi mutum kai tsaye ko yana da argon, ka ce ya nuna maka aikin da ya yi a kan siririn falle. Kafin a kunna wuta a fitar da tankin mai, a cire duk soson da ke kusa.

Amma a jirgin ribe, ko mai argon ɗin ma sai ya zama dole. Zafi yana sassauta ƙusoshin da ke kewaye, yana ƙone abin liƙin da ke tsakanin falle da falle, sai a toshe yoyo ɗaya a buɗe biyar. Gyaran da ya fi dacewa da shi na guduma ne. Mutum ɗaya ya tokare kan ƙusar daga waje da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗaya ya buga ta daga ciki, bugu biyu ko uku marasa ƙarfi, har ta sake kama falle. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane aikin nan take. Wadda ta ƙi kamawa a huda ta a fitar, a sa sabuwa wadda ta ɗan fi ta kauri, ta alminiyam zalla, marar rami. Ribe ɗin nan na kanti da ake ja da filaya, wanda ake haɗa tagogi da shi, yana da rami a tsakiya kuma sau da yawa akwai guntun ƙarfe a cikinsa. A ƙasan layin ruwa yoyo ne da tsatsa a haɗe.

Tsaga kuwa, a fara huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya. Sai a yanko faci daga falle irin na jirgin, ya zarce tsagar da yatsa biyu ko uku ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa, a shafa abin liƙi na jirgin ruwa irin su Sikaflex, a ɗinke da ƙusoshi. Silikon ɗin banɗaki mai warin tsami bai dace ba. Haka muka rufe ramin da walda ta bari, da faci mai faɗin littafin ɗalibi.

Bangon baya, inda ake rataya inji, shi ne wurin da ya fi saurin kashe mutum in an yi sakaci. A yawancin waɗannan jirage katako ne a tsakanin falle biyu, kuma yana ruɓewa a ɓoye. In ka rataya inji ka danna ƙafarsa ka ga bangon yana motsi, katakon ya mutu. A fitar da shi, a yi amfani da shi wajen auna sabo. A nemi contreplaqué marine, a shafe shi da epoksi ta ko'ina, musamman bakin yanka da cikin kowace huda. A guji katakon da aka jiƙa da maganin gara mai launin kore, don akwai tagulla a cikin maganin. Ƙusoshin da za su ratsa su zama na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, a raba su da jikin jirgi da zoben roba da abin liƙi.

Wanki da fenti

Matan gida sun riga mu sanin wannan: tukunyar alminiyam da aka dafa kanwa a ciki baƙi take yi. Soda ta masu sabulu ta fi kanwa ɓarna nesa ba kusa ba, tana cin alminiyam har ya riƙa kumfa. Haka asid ɗin wanke tayil da ake kira acide muriatique. Ruwan Javel ma in ya kwana yana haƙa ramuka. Sabulu da ruwan famfo da samfefa sun isa. Buroshin waya ya zama na inoks, sabo, wanda bai taɓa ƙarfe ba, don burbushin ƙarfe da ya maƙale yau shi ne ramin gobe.

Gaskiya alminiyam mai lafiya ba ya buƙatar fenti don ya rayu. Ana yi ne don a rufe facin, don jirgin da zai riƙa kwana a ruwa, da kuma don cikin jirgi kada ya ƙona ƙafa ko ya kashe ido da tsakar rana. In za a yi, a goge, a share da aseton, a shafa fentin farko na epoksi ko wanda aka rubuta an yi shi don alminiyam, duk a rana ɗaya, kafin fatar nan ta sake yin kauri ta hana fenti kamawa. Abu biyu ne za a ƙi ko da mai kanti ya rantse. Na farko jan fentin hana tsatsa da ake kira minium, wanda asalinsa da dalma ake yin sa. Na biyu fentin gindin jirgi mai hana ƙwari da gansakuka maƙalewa, irin wanda ake shafa wa jiragen katako: yawancinsa tagulla ce a ciki, shafa shi a kan alminiyam daidai yake da manna wa jirgin kwabbai dubu. Akwai marar tagulla, a karanta gwangwani.

Lokaci ma abin lura ne. Tun 2023 hukuma ke dakatar da ƙananan masuntan teku a watan Yuli don kifi ya hayayyafa, mutane da yawa kuma a lokacin suke samun sukunin gyara. Aikin guduma ya yi daidai da wannan wata. Fenti kuwa ba ya son laimar damina, gara a bar shi sai tsakanin Disamba da Maris.

Daga nan sai a ɗaura wa jirgin abin fansa: ɗan dunƙulen tutiya, ko na wani gamin alminiyam da aka yi don ruwan zartsi, wanda ake kira anod. Shi ne zai narke a madadin jirgin. Ba a shafa masa fenti, kuma in rabinsa ya tafi a canza. In an sa batir don fitila, waya biyu za a ja, ta zuwa da ta dawowa. Kada a bi al'adar masu gyaran mota ta mai da jiki ya zama waya ta biyu.

Abin da kwalekwalen katako bai koya mana ba

Kwalekwalen da kawu ya sani a Gaya, in ya cika da ruwa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Na alminiyam ƙasa yake tafiya kamar kwano. Shi ya sa masu ƙera shi ke cusa soso ƙarƙashin kujeru. A tsohon jirgi sau da yawa soson ya sha ruwa ya zama kaya, yana kuma riƙe laima a jikin falle. Namu da muka ciro shi, matsa shi muka yi yana zubar da ruwa.

Lissafin maye gurbinsa ba shi da wuya. A ce jikin jirgin kilo 100 ne. A cikin ruwa zai rage nauyin kusan kilo 37, saura 63. Injin doki 15 ya kusa kilo 40. Ke nan ana bukatar abin da zai ɗaga kusan kilo 100 kafin a yi maganar taru da mutanen da za su riƙe gefe. Bidon mai na lita 20, wanda ba kowa a ciki kuma an toshe bakinsa da kyau, yana ɗaga kusan kilo 19. Mun ɗaure takwas, huɗu a baya inda nauyin inji yake, biyu a tsakiya, biyu a gaba, kowanne da igiya a jikin kujera, don bidon da ba a ɗaure ba shi kaɗai zai tsira. Wannan bai ɗauke wa kowa sa rigar ceto ba.

Kuma ko an gyara shi ya zama kamar sabo, jirgin lagun ne. Igiyar ruwan da ke karyewa a gaɓar Bassam da Port-Bouët, wadda masuntan Fanti ke ratsawa da manyan kwalekwalensu masu nauyi, za ta juya shi kamar faifai. Mashigar Vridi ma hanyar manyan jirage ce, ga ƙarfin ruwa.

Saura maganar takarda, wadda a wurinmu baƙi ta kai ƙusa muhimmanci. Kada a sayi jirgi ko inji ba tare da takardar ciniki mai sa hannun mai shi na gaskiya ba, da lambar injin a rubuce. Mai gadin gida ba shi ne mai gida ba. Mun yi mako uku kafin mu samu sa hannun mai jirgin kawu, kuma ban bari an sayi gwangwanin fenti ko ɗaya ba sai da takardar ta shigo hannu. Rajistar jirgi tana wajen hukumar harkokin ruwa, Affaires maritimes, izinin su kuma yana ƙarƙashin ma'aikatar dabbobi da kifi, bisa dokar kamun kifi ta 2016. Bayan hukuma akwai masu ruwa. Ƙauyukan Ebriye, Ahizi da Abure da ke gaɓar lagun suna da iko na gargajiya a kan ruwan da ke gabansu, kuma baƙon da ya jefa taru bai gaida sarkin gari ba ya sayi rigima. Basarke ba ya buƙatar a koya masa wannan, don a Kwara ma ba a shiga ruwan wani sai da izinin sarkin ruwa.

Ranar gwaji mun kai jirgin gefen Moossou da sassafe. Muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a cikinsa, muka tura shi ruwa ba inji, muka ɗora buhunan yashi huɗu a madadin kaya, muka zauna a gaɓa awa biyu. Da muka jawo shi, jarida ɗaya ce ta jiƙe, a ƙarƙashin kujerar tsakiya, inda wata ƙusa ta ɓuya mana a bayan ƙarfen kujera. Kawu ya tokare daga waje, ni na buga daga ciki. Yanzu kullum in ya dawo yakan jawo jirgin tudu, ya kwashe duk ƙugiya da dalmar da ta faɗi, ya ɗauraye shi da bokiti biyu na ruwan rijiya, ya kife shi a kan tsofaffin tayoyi. Rumfar garba tana hannun babban ɗansa a Treichville, kuma ran Juma'a akan aiko musu da karfasa a motar Bassam.